Hancina da Sugana: Zuwa ga Autata Hauwa'u

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Autata.

Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kun sauka Fatakwal lafiya, ke da angonki Mustafa, babu abin da ya fashe a kaya, babu ciwon kai sai gajiyar biki. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a gida, Ya sa ƙafar da kika shiga da ita ta zama ta alheri. Babanku yana gaishe ku, yayanki Sadik da matarsa suna gaishe ku, maƙwabciyarmu Iya Risi ta ce kar in kuskura in rufe takarda ban sa sunanta ba.

Na san za ki yi dariya idan kika buɗe akwatin atamfofinki kika gan ta. Za ki ce Umma da waya a hannunta, me ya kai ta zaman rubutu? Halinki ne ya kai ni. In na fara miki magana a waya, kafin in kai tsakiya kin ce "To Umma, na ji," kin kawo wani zancen da zai ba ni dariya, na manta abin da na kira ki a kai. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta.

Nasihar aure ba zan yi miki ba. Gwaggonninki da suka zo daga Kano sun yi miki har kunnenki ya cika, kuma na ga yadda ku biyun kuke kallon juna, hankalina a kwance yake. Tawa nasihar ta hanci ce da suga. Ranar da kuka je gwajin jini kafin ɗaurin aure, kin dawo kina ba ni labari cikin raha cewa likita ya ce suganki ya ɗan hau, bai kai ciwo ba amma ya kusa. Kika ce ai lemon kwalba ne da kika sha da safe. Ni ban yi dariya ba, ko kin lura. Ga kuma atishawar nan da kike jerawa kowace safiya, da hancin da ke toshe miki da zarar an yi ruwa. Nan na fara ni ma. Kina makarantar kwana lokacin da abubuwa da yawa suka faru, wasu kuma mun ɓoye miki don kar karatunki ya rikice. Yanzu kin zama matar gida, bari in ba ki labarin yadda yake.

Kuskurena na farko shi ne na kira abin mura, na zauna da shi shekara da shekaru. Hanci ya toshe, in aika kemis a sayo mini maganin ɗigawa, ya buɗe na ɗan lokaci ya sake rufewa fiye da da. Goshina da ƙasan idanuna su yi nauyi, in na sunkuya yin sujada in ji kamar an ɗora mini dutse a fuska. Majina tana gangarowa ta maƙogwaro. Na koma numfashi ta baki, minsharina kuwa Babanku ya ce har masu motar haya ta danfo a bakin titi suna jin sa. Muka yi ta dariya, babu wanda ya ce a je asibiti. Duk wadda ta zo gidan nan da nata maganin. An ba ni tafarnuwa na cusa, an ba ni garin shaƙawa na yi atishawa har na ga taurari, an ba ni man da ban san sunansa ba.

Sannu a hankali ƙamshi ya bar ni. Ki tuna sana'ata, Auta. Mace mai haɗa humra da turaren wuta, wadda amare ke zuwa nema daga Idi-Araba da Ebute Metta, ita ce ta wayi gari ba ta bambance sandal da kananzir. Na buɗe kwalbar miski na kai hanci, babu komai, kamar na shinshina ruwan famfo. Na zauna a bakin gado na yi kukana, na share hawaye, na ƙudura cewa babu wanda zai sani. Hannuna ya san awo, don haka na ci gaba da haɗawa da ka. In na je kasuwar Jankara sayen mai, sai in kai kwalba hanci in gyaɗa kai in ce "Wannan bai kai na wancan karon ba," alhali ban ji ko ɗaya ba. Ko Babanku ban gaya wa ba. In ya ce miya ta yi gishiri, sai in ce bakinsa ne.

Abin da ya tona ni gas ne. Wata ranar Talata da hantsi ina cikin kicin ina shirin soya itacen turare, ashe robar tukunyar gas ta tsage, ɗakin ya cika. Ina tsaye da ashana a hannu. Iya Risi tana shanya a tsakar gida, ta jiyo warin daga can. Sai ga ta a guje, zani a hannu, tana ihu, "Iya Sadiku! E jade! Fito, fito!" Ta fizge ashanar ta jefar, ta ja ni waje kamar buhu, ta koma ta rufe tukunyar ta buɗe taga. Da ta dawo tana haki ta dube ni ta ce da Hausarta ta Yarabawa, "Kai ba ka ji wari? Duka gida ya ji, kai ba ka ji?"

Na ce, "Iya, na daɗe ba na jin komai."

Ta riƙe haɓa. Ta ce, "Shi ya sa humra na Risi wancan wata ya yi kamar maganin sauro. Ni na yi shiru, na ce ko ido ne aka yi maka."

Duk da firgitar da na yi, sai da na yi dariya. Da yamma Babanku ya dawo daga kasuwar Mile 12, Iya Risi ta tare shi tun daga ƙofa ta zayyane masa. Ya shigo ya zauna bai cire hula ba. Sannan ya ce, "Binta, da yau na dawo na tarar da toka, me zan ce wa yaran nan? In ce uwarku ta ji kunyar gaya mini hancinta ya toshe?"

To ki ji, Auta. Duk abin da ya canza a jikinki, mijinki ya fara sani, kuma ranar da kika lura, ba bayan shekara ba. Ni na ɗauka ina kare sana'ata da mutuncina, ashe gidan mutane na kusa ƙonawa. Murar da ta wuce makonni ba ta tafi ba, ko ta tafi ta dawo ta tafi ta dawo, ki daina kiran ta mura, ki je a duba.

Washegari Babanku ya bar wa abokin cinikinsa rumfar albasa, ya kai ni babban asibiti. Likitar hanci wata mace ce 'yar siririya mai tabarau, ba ta jin Hausa sosai, muka haɗa da Yarabanci da ɗan Turancina. Ta zura wani siririn abu mai fitila a hancina, ta juyo mini da allo ta ce in kalla. Na ga wasu abubuwa jingim, fari-fari masu sheƙi, kamar inabin da aka ɓare. Ta ce tsiro ne na nama, kumburin da ya daɗe a cikin kogon hanci ne ya haife su, sun rufe hanya har iska ba ta kai inda ake jin ƙamshi. Ta ce ba ciwon daji ba ne, in kwantar da hankalina, amma sun yi yawa, sai an yi aiki an cire.

Babanku ya leƙa allon ya ce, "Duk wannan a cikin hancin nan ɗan ƙarami? Lallai Binta kin iya ajiya."

Kafin aiki sai an gwada jini. A nan ciwo na biyu ya fito. Aka ce ina da ciwon suga, kuma da alama ya daɗe. Na tafi da ciwo ɗaya na dawo da biyu. Aka tura ni wajen likitan suga, ya rubuta mini metformin, ƙwayar da kike gani ina sha bayan abinci. Ya ce in rage shinkafa da burodi da zaƙi, in riƙa tafiya. Farkon shan ƙwayar ta murɗa mini ciki, ta sa ni zirga-zirgar banɗaki, na tsane ta. Amma ina son a yi mini aiki, don haka na daure na sha har suga ya sauka, aka sa rana.

Aikin bai yi wahalar da na zata ba. Abin da ba zan manta ba shi ne wata safiya bayan an cire audugar da aka cusa mini, kumburi ya fara saɓewa. Muna dawowa daga ganin likita a cikin keke, mun zo daidai tsallaken titin jirgi, sai wani abu ya daki hancina. Na ce wa mai keke, "Tsaya! Tsaya!" Babanku ya firgita, ya zaci amai zan yi. Na ce, "Malam, kwata! Ina jin warin kwata!" Na fito na tsaya a bakin lambatu ina shaƙa ina dariya, hawaye na zuba, mutane na kallona. Mai keke ya tambayi Babanku ko daga asibitin masu taɓin hankali muke. Muna ƙara gaba kaɗan sai ƙamshin burodin Agege, an fito da shi daga gidan gashi da zafinsa. Auta, ban san na yi kewar duniya haka ba sai ranar. Na shiga gida na bi komai ina shinshinawa, sabulu, citta, darduma, har hular Babanku, wadda na ce a wanke nan take.

Daga wannan murnar kuskurena na biyu ya fito. Na ce na warke. Likita ta ba ni gorar wanke hanci, ta ce kullum in dafa ruwa ya huce, in zuba gishirin da ta nuna mini, in wanke safe da yamma, in fesa maganin fesawa, kuma in dawo ta riƙa dubawa. Ta faɗa mini da bakinta cewa irin wannan tsiron yana son dawowa. Na yi na ɗan lokaci, na gaji, gorar ta koma bayan kwaba. Metformin ma na ajiye, don ba na jin ciwon komai, na ce me zai sa lafiyayyen mutum ya yi ta haɗiyar ƙwaya? Burodin nan da na ji ƙamshinsa, na rama duk wanda ban ci ba, da shayi mai kauri da madara. Ciniki ya dawo, na koma suyar turare a cikin kicin ƙofa a rufe, hayaƙin sukari da itace yana shiga hancin da aka gama gyarawa.

Shekara ba ta yi nisa da zagayowa ba na ji nauyin nan ya dawo goshina. Ƙamshi ya fara yin nesa, yau ina ji, gobe babu.

Ki riƙe wannan da kyau. Suga ba ya ciwo kamar haƙori, shi ya sa yake yaudarar mutum. Ranar da kika ji garau kina shan magani, maganin ne ya sa kika ji garau, ba dalilin ajiye shi ba ne. In ƙwaya ta dame ki, ki koma wa wanda ya rubuta ta ki ce ta dame ni. Da na yi haka tun farko, da an gaya mini abin da aka gaya mini daga baya, cewa in sha ta a tsakiyar cin abinci, kuma akwai irin wadda ba ta cika murɗa ciki ba.

Kuskure na uku shi ne mafi muni, kuma kunya ce ta jawo shi. Na ji nauyin komawa wajen likitar nan in ce mata ban yi ko ɗaya cikin abin da ta ce ba. Sai wata mai sayen turarena ta ce ai ƙanwarta ta yi irin wannan, akwai wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya a kemis, ba a ko tambayar takarda. Na aika aka sayo. Wallahi kamar sihiri. Cikin 'yan kwanaki hanci ya buɗe, ƙamshi ya dawo tangaran, ga ƙarfi, ga cin abinci. In na daina hancin ya rufe, sai in koma. Na yi ta sha wata da watanni. Fuskata ta yi zagaye, kumatu suka fito, mata suna cewa, "Maman Sadik, wane sirri ne? Kin yi fresh!" Ni kuma ina washe baki. Ƙishirwa ta addabe ni, in shanye jarkar ruwa in nemi ƙari, fitsari babu hutawa, idona ya fara ganin hazo. Na ce zafin Legas ne.

Ranar wani kamu a Idi-Araba, an ɗauke ni in turara amarya. Ina durƙushe gaban kasko ina gyara mata lulluɓi, sai na ji muryoyin mata sun yi nisa. Abin da na sani bayan nan, na buɗe ido na ga silin ɗin asibiti da robar ƙarin ruwa a hannuna. Aka ce da nas ta gwada jinina, na'urar ma ta kasa nuna lamba saboda hawansa. Babanku yana zaune a gefe, ya zo daga kasuwa da ɓawon albasa a rigarsa, idanunsa jawur. Ya ce albasa ce ta sa shi hawaye. Mutumin da ya shekara talatin a cikin albasa.

Sadik ne ya kawo jakata, likitan suga ya zazzage ta ya ga 'yar ƙwayar. Ya ɗaga ta ya ce, "Mama, wa ya ba ki wannan?"

Na ce, "Kemis."

Ya ce, "Metformin ɗinki fa?"

Na ce, "Na ajiye ta."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ja kujera ya zauna. Ya ce wannan ƙwayar sunanta prednisolone, magani ne na gaske, su ma suna ba masu tsiron hanci, amma na ɗan gajeren lokaci, da awo, kuma in mai suga ne sai ana bin jininsa a hankali, domin tana ɗaga suga sosai. Ya ce na ajiye abin da ke saukar da shi na ɗauki abin da ke hawar da shi. Kuma ya ce ba zai yiwu in yanke ta rana ɗaya ba tunda jikina ya saba, sai an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Aka sa ni kan allurar insulin na wani lokaci kafin a mayar da ni kan ƙwaya.

Da likitar hanci ta zo ta duba, tsiron ya dawo. Na tambaye ta kai tsaye, na ce, "Likita, sugan ne ya dawo da shi?" Ta ce ba za ta rantse mini a kan haka ba, don yana dawo wa wanda ba shi da suga ma. Amma ta ce jikin da suga ya yi wa yawa ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama, kumburi yana daɗewa, kuma ita ba za ta sake taɓa hancina da ƙarfe ba sai likitan suga ya sa hannu. Ta ce, "Mama, hancinki da jininki a jiki ɗaya suke zaune. Ke ce kika raba su."

Shi ya sa nake gaya miki, duk likitan da kika je wajensa, ko na haƙori ne, ki faɗa masa an taɓa ce miki suganki ya hau, ki faɗa masa uwarki tana da shi. Duk abin da kike sha ki zuba a leda ki kai masa ya gani, har na gargajiya. Maganin da ya yi wa ƙanwar wata aiki, ki bar wa ƙanwar wata. Kuma in kin yi sakaci, ki koma ki ce na yi sakaci. Likitar nan da nake gudu, da na koma wajenta bayan an sallame ni ba ta ce mini komai ba sai "Sannu da zuwa."

Daga nan labarin ya yi daɗi, kuma wannan ɓangaren kin ga wani abu daga cikinsa da kika dawo hutu, sai dai ba ki san mafarinsa ba. Babanku ya ce tunda ni ba a bar ni ni kaɗai da magani, shi zai zama ɗan sandana. Ya sayo na'urar gwaji, ya koyi tsira yatsa, ya fi ni jin tsoron allurar. In an idar da sallar asuba gari ya fara haske, sai ya ce in sa takalmi. Mu bi ta bayan masallaci, mu gangara har titin jirgi, mu zagayo ta wajen masu kayan miya. Mutanen unguwa suka sa mu gaba. Masu shayi suna cewa, "Alhaji, amarci aka sabunta ne?" Shi kuma ya ce, "Ku dai ku yi ta zama, tumbi zai gaya muku." Ni da na yi shekaru ban taka da mijina a titi ba sai in za mu asibiti ko tasha, ga ni muna tafe muna hira kamar saurayi da budurwa. A tafiyar nan na ji labaran ƙuruciyarsa da ban taɓa ji ba.

Tukunya ma ta canza. Iya Risi ta koya mini miyar efo da ta ewedu yadda suke yi, ganye fal, tuwo ɗan kaɗan. Na koma wake, acha, zogale, kifi, shinkafa sai ɗan tafin hannu. Babanku ya yi shela a gida cewa shi ma ya bar sukari a shayi don ya taya ni. Na ji daɗi ƙwarai, har ranar da na zo wanke masa kaftani na tarar da ƙwayoyin sukari a aljihu sun narke, tururuwa ta yi layi. Na kai masa rigar na ajiye a gabansa. Ya dube ta ya ce, "Na ajiye ne saboda ke, ko suganki zai faɗi a hanya." Na ce, "To me ya sa kullum suke raguwa?" Muka yi dariya har na riƙe ciki. Amma maganarsa da gaskiya a ciki, don bayan an ƙara mini ƙwaya ta biyu likita ya ce in riƙa yawo da ɗan abin zaƙi, in na ji rawar jiki da zufa in jefa a baki.

Akwai ƙaramin kuskure da na ƙara, ba zan ɓoye ba. Azumin farko bayan wannan na ɗauka ban tambayi kowa ba, ina shan ƙwayoyin yadda na saba, don kar a ce Maman Sadik ba ta azumi. Wata la'asar jiri ya kwashe ni a kan darduma, sai da Babanku ya ɗura mini ruwan sukari. Da na je, likita ya gyara mini lokutan sha da yawan ƙwayar, ya gaya mini alamar da in na gani dole in karya. Malamin islamiyyarmu ma ya ce Allah bai ɗora wa marar lafiya abin da zai halaka shi ba. Tun daga nan kafin watan ya tsaya nake zuwa a tsara mini. In Allah Ya kawo ki wannan matsayin, ki tambaya kafin ki ɗauka, ba bayan kin faɗi ba.

Da suga ya zauna daram, aka sake aikin. Wannan karon na warke da wuri har likita ta yi mamaki. Gorar wanke hanci yanzu tana kusa da butar alwalata, in na ɗauki wannan sai na ɗauki waccan. Ina fesa maganina, ina shan ƙwayata, ina zuwa a leƙa hancin ko ba na jin komai. Suyar turare na fitar da ita waje, bayan gida inda iska ke kaɗawa, da takunkumi a fuskata. Shekaru ke nan hancina a buɗe. A zuwana na ƙarshe likita ta ga wani ɗan ƙarami yana leƙowa, ta ce ba abin damuwa ba ne tunda an gan shi da wuri, ta canza mini maganin fesawa. Ba ta yi mini alkawarin ba zai dawo ba, ni ma ban nema ba. In ya dawo zai same ni a shirye.

To ga abin da nake so ki yi, kuma kar ki ce "To Umma." Da kun huta, ki sa Mustafa ya kai ki a sake gwajin nan, ba ki ci komai ba da safe, don kar ki sake ɗora wa lemo laifi. Ki nemi likitan hanci ya duba atishawar nan tun ba ta zama wani abu ba. An ce garin naku yana da baƙin hayaƙi da ke sauka har kan kayan shanya, don haka ki riƙa rufe taga in ya yi yawa, ki wanke hanci da dafaffen ruwa mai gishiri yadda likita zai nuna miki, ba ruwan famfo kai tsaye ba. Turaren wutar da na haɗa miki, ki sa a ɗaki ki fita, in hayaƙin ya lafa ki dawo. Lemon kwalba ki bar wa baƙi. Ki riƙa tafiya, ki ja mijinki, shi ma na ga yana son kujera. In Allah Ya kawo rabo, ranar farko da kika je awo ki gaya musu zancen suga kafin su tambaye ki. Naki bai zama ciwo ba tukuna, kuma likita ya ce a wannan matakin ana iya mayar da shi baya. Ni ban samu wanda ya gaya mini da wuri ba. Ke kin samu.

Kar ki karanta wannan ki ɗaga hankalinki. Dube ni ranar bikinki. Wa ya fi ni rawa? Gwaggonki Asabe da ta girme ni da kaɗan ta zauna tana haki, ni ina tsakiyar fili har mai kiɗa ya gaji.

Ina cikin rubutun nan Babanku ya shigo ya ce me nake ta zanawa tun bayan azahar kamar mai jarrabawa. Na ce wasiƙa ce ga Auta. Ya ce in karanta masa, na ƙi. Ya ce, "Kin sa maganar sukarin aljihu ko?" Na ce na sa. Ya ce, "Kin zubar mini da girma a gaban surukina." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana gyara hula. Sannan ya ce, "Ki rubuta mata cewa gidan zai yi shiru." Ya yi gyaran murya ya ce, "A'a, kar ki rubuta wannan. Ki ce kawai ta sha magani in an ba ta."

Na rubuta duka biyun.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya raba ki da ciwon da ke ɓoye da wanda ke bayyane. Allah Ya sa Mustafa ya zame miki abokin tafiya, ke ma ki zame masa. Allah Ya tsare fitarku da shigarku, Ya kare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na wuta, Ya ba ku zuriya mai albarka. Na yafe miki duniya da lahira, Autata, ban taɓa kwana da ɓacin ranki ba. Ki gaishe da mijinki da iyayensa. Ranar da kika karɓo sakamakon gwajin ki kira ni, ni da Babanku muna jira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Binta, daga Agege.